Lauyan da Ya Yi Nesa da Kotu: Wane ne Georges Fourest?

Tambaya: Malam, wani malaminmu na Faransanci a Maraɗi ya taɓa ambaton wani mawaƙin Faransa da ya karanta shari'a amma ya ƙi aikin lauya, yana mayar da manyan wasannin kwaikwayo abin dariya. Wane ne shi?

Amsa: Wanda malaminku yake nufi shi ne Georges Fourest, haifaffen birnin Limoges, wanda ya rasu a Paris a shekarar 1945. Lauyoyin Faransa sun saba rubuta cewa su lauyoyi ne "kusa da" kotun ɗaukaka ƙara, wato masu aiki a gabanta. Shi kuwa sai ya juya kalmar, ya kira kansa lauya "nesa da" kotun ɗaukaka ƙara, kuma bai yi ƙarya ba, domin mujallun mawaƙan Paris ne suka zama kotunsa.

Littafinsa da ya fi shahara, La Négresse blonde, ya fito a 1909, sunan da a yau kunne ba ya jin daɗinsa, kuma da hujja, domin kalmar "négresse" ta ƙasƙanta baƙar mace ce. Sai a 1935 ya fitar da Le Géranium ovipare, wato furen da ke yin ƙwai.

Inda gwanintarsa ta fi fitowa fili shi ne yadda ya ɗauki wasan Le Cid na Corneille, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Faransa, wanda ɗalibai ke haddacewa cikin girmamawa, ya dunƙule shi cikin waƙa mai layi 14. A asalin wasan, Chimène tana cikin tsaka mai wuya, domin masoyinta Rodrigue ne ya kashe mahaifinta. Fourest ya fara da kalmomi masu nauyi, fada ta yi tsit saboda makoki, Chimène sanye da baƙin mayafi tana leƙe daga bene, Rodrigue kuma yana taƙama a dandali. Sai a layin ƙarshe ta yi ajiyar zuciya ta ce a ranta, kai, amma wanda ya kashe Baba kyakkyawan saurayi ne!

A ganina kuskure ne a ɗauke shi ɗan barkwanci kawai. Ma'aunin waƙarsa da amsa-amonsa ba su da makusa, kuma da ba su kai na magabatan da yake tsokana ba, da kalmar "Baba" ɗin nan ba ta ba kowa dariya ba. Haka ya yi wa wasannin Racine, wani babban marubucin wasan kwaikwayo na Faransa, ciki har da Phèdre da Andromaque.