Yadda Ruwa Ke Ratsa Dutse Ya Iso Rijiya

TAMBAYA: Malam, tun da dutse abu ne mai tauri, ta ina ruwa ke bi ya taru a rijiyarmu, kuma me ya sa yake fitowa garau? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Malam, dutsen yashi cike yake da ƙananan ƙofofi tsakanin ƙwayoyinsa, kuma idan ƙofofin sun haɗu da juna, ruwa yana sulalawa ta cikinsu sannu a hankali, daga inda matsi ya fi yawa zuwa inda ya ragu. Injiniyan Faransa Henri Darcy ne ya bayyana wannan ƙa'ida a 1856, bayan gwajin da ya yi da yashi. Laka ma tana da ƙofofi masu yawa, amma ƙanƙantarsu kan hana ruwa wucewa.

A kan hanyar ne ƙura da datti ke maƙalewa a matsattsun wurare, shi ya sa ruwan ke fitowa garau. Sai dai farar ƙasa irin ta Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita, ruwa yakan bi tsagunanta da sauri ba tare da tacewa sosai ba, kuma abin da ya narke a ruwa yashi ba ya tare shi. Saboda haka a ganina ganganci ne a haƙa masai kusa da rijiya.