Zanen rinin baba na zuba

Tambaya: Na sayi zane a marinar Ƙofar Mata, Kano, amma yana shafa mini shuɗi a jiki. Jabu ne?

Amsa: A'a, Hajiya. A karofi, wato ramin rini, ana haɗa baba da toka da katsi (ƙonannen laka na ƙasan ramin rini) su ruɓa. Marini yana tsoma zane ya ɗaga, ya fito kore, iska ta mai da shi shuɗi, a maimaita har ya yi duhu. Abin da ke zuba rarar da ba ta kama zare ba ce, ko shunin da mabuga ke ƙarawa don sheƙi. Ki ɗauraye shi shi kaɗai a ruwan sanyi sau 3, ban da omo, ki shanya a inuwa. Sheƙin bugun dai zai ragu.