Dutse mai ƙyalli: zinariya ce ko fairait?

Tambaya: Malam, na fasa wani farin dutse, sai na ga ƙwayoyi rawaya suna ƙyalli a cikinsa. Yaya zan gane ko zinariya ce ba tare da na kai shi ɗakin gwaji ba? Kuma in dai a cikin dutse take, me ke kai ta yashin kogi?

Amsa: Kada launi ya ruɗe ka, don shi ne shaida mafi rauni wajen gane ma'adini. Farin dutsen da ka fasa, mai yiwuwa kwaz ne, kuma shi kansa yakan zo fari, ko ruwan hoda, ko shunayya. Abin da ya fi yaudarar mutane a cikinsa shi ne fairait, wato haɗin baƙin ƙarfe da farar wuta.

Fara da tauri. A 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10, kowanne yana iya karce na ƙasa da shi, daimon ne a sama. A wannan ma'auni farcenka yana wajen 2.5, wuƙa da gilashi wajen 5.5. Zinariya ba ta wuce 3 ba, fairait kuwa 6 zuwa 6.5. Saboda haka ka danna tsinin wuƙa a kan ƙwayar. In zinariya ce za ta lotsa kamar dalma, wuƙar ta bar sawu. In fairait ne wuƙar za ta zame, ko gefen ƙwayar ya ɓantale. Buga ta da guduma ma zai raba gardama: zinariya baje wa take yi, fairait yakan dagargaje ya zama gari, wani lokaci har ka ji warin farar wuta.

Sai dai akwai ɗan'uwan fairait mai jan ƙarfe a ciki, calkofairait, wanda wuƙa ke iya karcewa. Nan ne gwaji na biyu yake da amfani, kuma ni shi na fi amincewa da shi. Samo tayil, ka juya bayansa inda ba sheƙi, ka goga ƙwayar da ƙarfi. Zinariya za ta bar layi rawaya. Waɗancan biyun baƙin layi suke bari, mai ɗan sirkin kore, duk kyan fuskarsu.

Ka kuma duba siffa. Fairait yakan fito da kusurwoyi tsaf, murabba'i ta kowane gefe, da siraran layuka a fuskarsa. Zinariya ba ta cika yin haka ba. In abin yana ɓarewa falle-falle da farce, maika ce, wani ma'adini mai ƙyalli wanda ba zinariya ba, ka huta.

Sauran nauyi, kuma shi ne amsar tambayarka ta biyu. Zinariya ta ninka nauyin ruwa sau 19.3, fairait kusan sau 5, kwaz 2.65 kacal. Can ƙarƙashin ƙasa ruwa mai tsananin zafi ke ratsa tsagogin duwatsu, in ya huce ya bar kwaz da zinariya a ciki. Bayan miliyoyin shekaru dutsen ya fito sarari, rana da ruwan sama su farfasa shi. Fairait yakan yi tsatsa ya ruɓe, kwaz ya koma yashi, ita kuwa zinariya ba ta tsatsa, kuma nauyinta ba ya barin ta yi nisa. Da zarar gudun ruwa ya ragu, a kwanar kogi ko bayan babban dutse, sai ta kwanta.

Tafiyar ba ta tsayawa nan. Yashin da tsakuwar sukan binne, su manne su zama sabon dutse. Zafi da matsi su sauya shi, in ya yi zurfi sosai ya narke, ya daskare a sake sabon lale. Zinariyar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu, wadda aka gano a 1886, a cikin tsakuwar tsoffin koguna take, wadda ta zama dutse tun shekaru kusan biliyan 3 da suka wuce.

Ko da gwajinka ya nuna fairait, kada ka yi saurin jefar da dutsen. Wani fairait yana ɗauke da zinariyar da ido ba ya gani, kuma wannan ɗakin gwaji kaɗai ke iya auna ta.