Amsa ga Hajiya kan koyo a bakin aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da iyayenmu da malamanmu da ke cikin wannan zaure, da sauran 'yan uwa baki ɗaya. Hajiya, ranki ya daɗe, na saurari saƙonki na jiya da daddare, na bari sai da gari ya waye domin in amsa a tsanake. Ga waɗanda ba su saurara ba, Hajiya ta ce tun da ta karɓi shugabancin ƙungiyarsu take tura ma'aikata bita, suna dawowa da takardar shaida da jakar takardu, amma kafin wata ya zagayo aiki ya koma gidan jiya. Wani ya ba ta shawarar tsarin da ake kira koyo a bakin aiki (action learning a Turance), shi ne take tambaya mene ne shi, kuma ko zai iya fitar mata da mutanen da za ta riƙa bar wa ragama ba tare da fargaba ba.

Amsata ita ce zai iya, amma sai in kin yarda ki saki wata matsala ta gaske, wadda ke hana ki barci, ki damƙa ta a hannun mutanenki tare da ikon taɓa ta. Idan wannan bai samu ba, to wata bitar ce kawai aka sauya wa suna.

Wanda ya kafa tsarin shi ne Reg Revans, Baturen Ingila da aka haifa a 1907, ya rasu a 2003. Asalinsa masanin kimiyyar fiziya ne, ya yi bincike a ɗakin gwaji na Cavendish da ke Jami'ar Kambirij a zamanin da babban masanin fiziya Ernest Rutherford yake shugabantar ɗakin. Abin da ya ɗauka daga can shi ne yadda manyan masana, waɗanda duniya ta san da zamansu, suke zama tare kowa ya faɗi inda aikinsa ya cije, sauran su yi ta yi masa tambayoyi, ba tare da kowa ya ji kunyar cewa bai sani ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya riƙe sashen ilimi a masana'antar kwal, wadda gwamnatin Birtaniya ta karɓe a 1947. Maimakon ya kwashi manajojin ramukan kwal ya kai su aji, sai ya haɗa su ƙananan rukunai, suna ziyartar ramukan juna, suna tattauna abin da ya dame su, kowa ya koma ya gwada wani abu, sannan su sake haɗuwa. Daga baya ya zama farfesa a Manchester, ya yi irin wannan aiki da asibitoci 10 a yankin Landan cikin shekarun 1960, sannan ya koma Beljiyam, inda aka riƙa ɗaukar babban manaja daga kamfaninsa a kai shi wani kamfani da bai san harkarsa ba, domin baƙon ido yakan ga abin da ɗan gida ya daina gani.

Revans ya ce koyo abu biyu ne a haɗe: ilimin da aka riga aka tsara, wanda ke cikin littafi da kan malami, da kuma tambaya mai ratsa zuciya wadda ake yi a lokacin da littafin ya ƙare. Bitar da kike tura mutane tana ba da na farko ne kaɗai. Ya kuma bambanta abu biyu da nake roƙon ki riƙe su da kyau, domin a nan yawancin masu gwadawa suke zamewa. Akwai abin da ya yi kama da kacici-kacici, wato amsarsa tana nan, wani ya san ta, ke ce dai ba ki kai gare ta ba. Idan kwamfutar ofis ta ƙi tashi, ko lissafin haraji ya rikice, masani za a kira, a biya shi, a wuce wurin. Akwai kuma matsala, wadda mutane biyar masu hankali da gaskiya za su dube ta su ba da amsa biyar, kamar dalilin da ya sa ƙwararrun ma'aikata suke barin ki, ko dalilin da ya sa sassa biyu ba sa ga maciji da juna. Wannan ta biyun ce ake kawowa zaman.

Yadda ake yi ba shi da wuya a faɗe. Mutum huɗu zuwa takwas ne suke haɗuwa, yawanci duk bayan mako uku ko huɗu, na tsawon wasu watanni. Mai matsala ya yi bayani a taƙaice, sauran kuma aikinsu tambaya ne, ba shawara ba. Kafin a tashi sai ya faɗi abin da zai aikata da ranar da zai aikata shi, kuma zama na gaba da wannan ake buɗewa: me ka yi, me ya faru, me ka gane game da matsalar, me ka gane game da kanka. Revans yana da tambayoyi uku da yake so a yi wa kowace matsala, wato wa ya san ta, wa ta dama, kuma wa ke da ikon yin wani abu a kanta.

Bari in ba ki abin da na gani da idona, domin bayani ba ya kai ganau. Na taɓa aiki a wani kamfanin sarrafa shinkafa, ba sai na faɗi suna ba. A lokacin kaka manyan motoci sukan yi layi a bakin ƙofa maƙare da shanshera, wasu su kwana biyu ba a sauke ba, har dillalai suka fara karkatar da kayansu zuwa wasu wurare. Manajan sayen kaya ya riga ya yanke hukunci cewa 'yan dako ne ba sa ƙoƙari, kuma abin da yake nema shi ne a ƙaro hannu. Muka zauna, ni da mutum shida: shi, da mai kula da sito, da akanta, da injiniyan da ke kula da injina, da shugaban direbobi, da wata matashiya da ke auna danshin shinkafa kafin a karɓa. A zaman farko kusan awa guda aka yi kowa yana ba da shawara da siffar tambaya, irin "ba ka ganin gara a ƙaro 'yan dako?", ina tsayar da su ina cewa wannan shawara ce aka saka mata hula. Can sai matashiyar nan, wadda tun da aka zauna ba ta ɗaga kai daga littafinta ba, ta ce a hankali: "Yallaɓai, a cikinmu wa ya taɓa bin mota ɗaya tun daga ƙofa har ta fita?" Ɗakin ya yi tsit, domin babu wanda ya taɓa.

Aikin da manajan ya ɗauka ke nan. Ya fito da sassafe da biro da takarda, ya tsaya wurin mai shayi tare da direbobi, ya bi motoci kaɗan yana rubuta lokacin da kowace ta hau sikeli, da lokacin da aka ɗebi samfuri, da lokacin da aka sauke, da lokacin da ta fita. Da ya dawo zama na biyu, ya ajiye takardar a kan tebur ya ce sauke kaya ba ya cin lokaci, 'yan dako suna gama mota cikin ɗan lokaci sannan su zauna a inuwa suna jira. Abin da ke tsayar da layin shi ne takardar karɓa, wadda ba ta fita sai da sa hannunsa, shi kuwa rabin yini yana cikin gari wurin banki da dillalai. Na ga yadda ya sunkuyar da kai lokacin da yake faɗa, kuma na ga babu wanda ya yi masa dariya. Da a wurin bita wani baƙo ya gaya masa cewa shi ne ƙullin, da ya musa, kuma da sauran sun taya shi musu. Amma shi ya gano da ƙafarsa, shi ya nemi a ba mai kula da sito ikon sa hannu har zuwa wani adadi, kuma shi ya je ya roƙi mai kamfani a kan haka.

Ga inda amsar tambayarki ta biyu take, Hajiya. Mai kula da siton nan shekaru ya yi ana ganin sa a matsayin mai ƙirga buhu, amma da aka ɗora masa sa hannu ya fara yanke hukunci, ya yi kuskure, ya kawo kuskuren zama aka yi masa tambayoyi, ya gyara. Matashiyar kuma ta gane cewa tambayarta tana da nauyi, har ta kai ana jiran a ji abin da za ta tambaya. Ba wanda ya koya musu shugabanci a allo. Nauyi aka ɗora musu, aka kuma ba su abokan da za su riƙa komawa wurinsu da shi. Revans yana kiran 'yan rukunin abokan wahala, domin abin da ya haɗa su shi ne kowa yana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa shi kaɗai.

Sai dai akwai wurin da tsarin yake cin karo da tarbiyyarmu, kuma ba zan ɓoye miki ba. Mu mun taso a kan cewa yaro ba ya titsiye babba, kuma kunya ado ce. Muna cewa tambaya rabin ilimi, amma tambayar da muka saba da ita ita ce ta ɗalibi ga malami, wanda ke neman a ba shi amsa. Tambayar da ake buƙata a nan ita ce wadda ƙarami zai yi wa babba, babban kuma ya ce ban sani ba a gaban na ƙasa da shi. Ban yarda da masu cewa sai an rushe girmamawa kafin abin ya yi aiki ba. Na ga inda aka tilasta wa mutane kiran juna da suna gatsau, abin ya ƙara musu ɗari-ɗari. Abin da ya yi mana amfani shi ne babban da kansa ya buɗe zama da faɗin abin da ya gagare shi, ya kuma ce da bakinsa ya ba da izini a tambaye shi komai. A zaman farko-farko muna sa kowa ya rubuta tambayarsa a takarda kafin a fara magana, sannan mu soma daga mafi ƙanƙanta a muƙami, domin idan babba ya riga ya yi magana, sauran sai dai su ce haka ne. Ana nan ana "Yallaɓai" da "ranka ya daɗe", amma tambayar tana fita. Kuma abin da aka faɗa a zaman amana ne; ranar da maganar wani ta fita har ta kai kunnen mai gida, daga ranar kowa zai kama bakinsa.

Akwai saɓani tsakanin masu wannan fanni game da mai jagorantar zama. Revans bai cika son ƙwararren mai jagora ba, yana tsoron kada rukuni ya dogara da shi ya koma aji. Michael Marquardt, wanda ya yaɗa tsarin sosai daga baya lokacin yana farfesa a Jami'ar George Washington da ke Amurka, ya mai da mai jagora ginshiƙi, ya kuma kafa ƙa'ida cewa ba a yin bayani sai a matsayin amsar tambaya. A nawa ganin, a wurarenmu ana buƙatar mai jagora a watannin farko saboda batun kunyar da na ambata, amma ya zama mutum mai iya yin shiru, wanda ba zai mai da zaman wurin nuna iliminsa ba, kuma ya shigo da niyyar janyewa idan rukunin ya tsaya da ƙafarsa.

Kada kuma ki soke bita gaba ɗaya. Akanta dole ya koyi lissafi, mai auna danshi dole ta san cewa shanshera ana son danshinta ya sauko wajen kashi 14 cikin 100 kafin a shigar da ita inji. Bambancin shi ne idan rukuni ya yi karo da abin da bai sani ba, shi da kansa zai nemi a koya masa, kuma abin da aka koya da ƙishirwa yana zama.

Game da ke kanki, shawarata ita ce kada ki zauna a cikin rukunin farko, domin kasancewarki za ta sa kowa ya riƙa auna maganarsa da fuskarki. Ki zama mai matsalar daga waje: ki rubuta musu iyakar abin da za su iya sauyawa ba sai sun dawo gare ki ba, da iyakar kuɗin da za su iya kashewa, ki sa ranar da za su zo su gaya miki abin da suka aikata. Zaman ya kasance cikin lokacin aiki, domin matan da ke da hidimar gida su samu halarta, kuma ban ba ki shawarar sa alawus na zama ba, saboda da zarar an sa shi za ki ga masu neman shiga sun yi yawa, masu ɗaukar aiki sun yi kaɗan. Idan suka gwada abu bai yi ba, kuma tabbas hakan zai faru, yadda kika karɓi labarin a karon farko shi zai nuna musu ko ikon da kika ba su na gaske ne.

Kafin ki zaɓi mutum ko ɗaya, ki rubuta matsaloli uku da suka fi damun ki a wannan shekara, ki turo mini ta gefe, mu duba tare wacce ce ke buƙatar masani kawai, wacce ce kuma ta cancanci a zauna a kanta wata shida. Daga matsalar ne za mu san su wa ya kamata su zauna. Allah ya yi mana jagora, wassalamu alaikum.