Riyal goma sha ɗaya, duk shekararsu 1780: tsofaffi ne da gaske?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Shara Mansur nake a Makka. Kakata ta rasu ta bar min riyal na azurfa guda 11, masu hoton mace a gaba da tsuntsu mai kai biyu a baya, duk an rubuta 1780 a jikinsu. Na kai su wajen wani mai sayen azurfa a Balad ta Jidda, ya ɗora a sikeli ya ce kuɗin nauyinsu kawai zai biya. Ba cuta ba ce? Kuma na lura ba duka suke kama ɗaya ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan kaka. Mai shagon bai cuce ki ba, amma kin kyauta da ba ki sayar ba tukuna.

Abin da ke hannunki kuɗin Ostiriya ne, wanda Larabawan nan ke kira riyal faransi duk da ba ruwansa da Faransa. A Sudan abu nuƙɗa ake ce masa. Matar kuwa Sarauniya Mariya Tiriza ce, ta rasu a 1780. Da fatake suka saba da fuskarta, daga Hijaz har Habasha da Borno da Kano, sai suka ƙi karɓar kowane sabon salo. Shi ya sa aka ci gaba da buga shi da shekarar rasuwarta, har yau ɗin nan a Biyana, babban birnin Ostiriya. An buga sama da miliyan 300. Italiya ta buga nata a Rum daga 1935 saboda yaƙin Habasha, Ingila ta fara a Landan a 1936, aka kuma buga a Bombay lokacin yaƙin duniya na biyu, ga na Faris da na Birasils. A nan Saudiyya ya yi ta yawo har Sarki Abdul'aziz ya fito da riyal ɗinsa na azurfa a 1928. Saboda haka 1780 ɗin nan ba ta gaya miki shekarun kuɗin.

Bambancin da idonki ya kama, nan ne maganar take. Kowane kuɗi ana matse shi ne tsakanin hatimai biyu na ƙarfe. Hatimi yana cinyewa, yana tsagewa, sai a sassaƙa wani, kuma hannun masassaƙi biyu ba ya zuwa ɗaya. Masu tara kuɗi waɗannan 'yan saɓanin suke bi su gane gidan bugu da zamani.

Kafin wannan, ki tabbatar na gaske ne. Nauyin cikakke giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfarsa kashi 833 cikin 1000. Wanda ya sha hannu yana iya raguwa kaɗan. Maganaɗisu ba ya kama shi. Ki ɗora shi a kan yatsa ki ƙwanƙwasa da wani: na gaske yana amo mai tsawo, na zubi kuwa ƙararsa a mace take, kuma fuskarsa na da ƙananan ramuka kamar zanen zanzana. A gefensa akwai rubutu da ya taso, IUSTITIA ET CLEMENTIA, wato adalci da rangwame. Masu jabu a nan suka fi kasawa.

To sai ki samu madubin masu gyaran agogo mai ƙara girma sau goma, ki zauna kusa da taga da hantsi, ki shimfiɗa su a kan ƙyalle. Fara da maɓallin da ke kafaɗar sarauniya. A bugun baya-bayan nan ɗige-ɗigen lu'ulu'u ne suka kewaye shi, a wasu na farko kuwa babu su. Sai dai ki yi hankali, gogayya ma tana shafe su. Wannan maɓallin ne fatake suke shafawa a da da babban yatsa, in suka ji ya yi sumul su mayar wa mai shi. Ki ƙirga ɗigon kambin kanta ma ki rubuta. Haruffan S.F. da ke ƙarƙashin hotonta na jami'ai biyu ne na gidan bugun kuɗi na garin Gunzbug, amma kada su ruɗe ki, kusan duk wanda ya buga daga baya ya kwafe su.

Juya bayan. Duba ko AUST aka rubuta ko AVST: mai U yakan nuna tsohon bugu, na zamani V ne. Idan kin ga haruffa ƙanana I.C. da F.A. kusa da ƙafafun mikiyar, wato tsuntsun nan mai kai biyu, ki ware shi gefe, tsohon bugun Biyana ne. Siffar alamar X da ke bayan 1780 ma tana sauyawa, wata siririya, wata mai kauri. Haka gashin wutsiyar mikiya, a ƙirga na tsakiya. Masu wannan harka suna gwada duk waɗannan da kundin da wani masani mai suna Hafner ya tsara, inda kowane salo yake da lambarsa. Idan kin ga wani siririn layi ya ratsa haruffa, ki taɓa da tsinken sakace: in ya taso, tsagewar hatimi ce tun daga gidan bugu, in ya nutse, ƙarzuwa ce kawai.

Wanda aka daɓa wa tambarin Najd ko Hijaz da Larabci, kada ki yi saurin murna. Ni kaina na taɓa biyan kuɗi mai tsoka a kan irinsa, daga baya na gane kuɗin ya sha hannu ya yi laushi, tambarin kuwa sabo fil, bakinsa har da kaifi.

Don Allah kada ki wanke su da toka ko lemon tsami ko man goge baki. Baƙin nan da suka yi masu saye suna sonsa, gogaggen kuɗi farashinsa faɗuwa yake. Wanda aka huda ko aka yi wa kunne don abin wuya, shi kam nauyinsa za a biya.

A cikin 11 ɗin, zato na yawancinsu bugun ƙarni na 20 ne, kuma farashin mai sikeli daidai ne a kansu. Ki ɗauki hoton gaba da baya da gefen kowanne a hasken rana, ki sa musu lamba 1 zuwa 11, ki aiko in duba miki wanda ya cancanci a ware.