Me ya sa darɓa take cin wani wardin ta bar wani?

Hajiya, kin ce a gidanki na Garwa kina da wardi iri biyu a jere, darɓa ta lulluɓe tohon ɗaya, ɗayan kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Ba sa'a ba ce, bambancin yana cikin jikin shukar.

Darɓa ba ta tauna ganye. Baki gare ta siriri kamar allura, tana soka shi har jijiyar da ruwan zaƙi ke bi, ta tofa yawu mai ɗauke da furotin da ke hana shukar farga. Irin da ke da juriya yana da nasa furotin ɗin masu gane wannan yawu. Da sun ji shi, sai shukar ta toshe jijiyar da wani abu mai suna kalos, ta ƙara sinadaran inzayim irin su feroksidas da ke taurara bangon ƙwayoyinta, ta kuma saki furotin masu dagula wa ƙwaron narkewar abinci. Sai darɓar ta yi ta soka baki ba ƙoshi, haihuwarta ta ragu.

An fi sanin wannan a tumatir, inda ƙwayar gado Mi-1 ke korar wani nau'in darɓa. A wardi har yanzu ana kan bincike.

Amma fa ki duba takinki. Yuriya in ta yi yawa, toho ya fito laushi-laushi, ko mai juriyar ma sai darɓa ta hau. Ki ɗaga ganyen da safe, in kin ga tururuwa na sintiri da danƙo a yatsa, alamar darɓa ce, ki fesa ruwan sabulu ko na darbejiya da yamma.