Jarumaina sun fi ƙarfin kowane bos: wane labari zan shirya musu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu biyar ne muke haɗuwa duk ranar Asabar a nan Kano, daga la'asar zuwa magariba, muna wasan tebur na jarumai masu baiwa, wato Mutants & Masterminds. Ni ne jagora, ni nake ba da labari, ni nake riƙe da mugaye. Sauran huɗun kowa da jaruminsa: ɗaya yana tashi sama, ɗaya ƙarfi gare shi kamar katafila, ɗaya gudu kamar walƙiya, ƙanwata kuma jarumarta tana karanta abin da ke zuciyar mutum. Mun yi zama shida, duk kanwar ja ce. Bos ya zo fashin banki, su lakaɗa masa duka, a tashi. Na lura sun fara latsa waya ana tsakiyar wasa. Ina neman labarin da zai ɗauke mu kamar zama 12.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin labarai, bari mu fara da inda gizo ke saƙar. Faɗa kake shiryawa duk mako, shi kuwa faɗa a wannan wasa an gina shi ne don jarumai su ci. Yawanci ana fara jarumi a matakin ƙarfi na 10 da maki 150 na sayen baiwa, yaran bos kuma naushi ɗaya ke kwantar da su, haka dokar take. Idan ka ce bari ka ɗaga bos zuwa mataki na 14, za su yi ta jefa dayis mai fuska 20 suna kuskure, faɗan rabin awa ya koma awa ɗaya da rabi, wayoyin nan su sake fitowa daga aljihu.

Saboda haka ka ajiye rubuta abin da zai faru, ka rubuta abin da bos yake so. Takarda ɗaya ta isa. Me yake nema, me ya sa yake ganin shi ne mai gaskiya, kuma waɗanne matakai shida zai bi idan babu wanda ya tare shi. Ka zana da'ira ka raba ta shida kamar yankan kankana. Duk bayan zama biyu ka cike yanki ɗaya da biro. In jarumai sun toshe masa hanya, kada ka cike, ka zauna ka tambayi kanka ta ina zai ɓullo. Shida sau biyu, ga zamanka 12.

Ga misali cikakke, kuma a garinku, domin garin da 'yan wasa suka san lungunansa ya fi birnin da ka ƙirƙira daɗin karewa.

Bazara ce, famfo ya ƙafe, jarkar ruwa ta yi tsada. Sai ga wani baƙo ya shigo wata unguwa ta cikin birni, ya dafa ƙasa da tafin hannu, ruwa ya ɓulɓulo, garai-garai, kuma kyauta. Mataki na farko ke nan, babu laifin da aka yi, har ma jarumanka za su iya taimaka wajen tsara layin mata da yara. A mataki na biyu 'yan garuwa sun rasa sana'a. Wani dattijo a cikinsu ya jingine kurarsa da jarkoki babu komai, ya tare ɗaya daga cikin jaruman ya ce: "Yaro, na ɗanɗani ruwan nan. Garɗinsa na rijiyar ƙauyenmu ne, shekara arba'in ina shan ta." A na uku labari ya iso cewa rijiyoyin ƙauyuka suna ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, dabbobi suna mutuwa. A na huɗu baƙon ya zama ɗan gaban goshin gari, masu unguwanni suna miƙa masa ragamar rijiyoyin burtsatse, 'yan siyasa suna rububin hoto da shi. A na biyar ƙasa ta fara zaftarewa, gidajen ƙasa suna tsagewa, abin da yake faruwa da gaske idan aka zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa fiye da kima. A na shida ya nufi madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, wadda noman rani na Kadawa da Kura ya dogara da ita.

Abin da ya sa wannan labari zai riƙe su shi ne duka ba zai warware shi ba. Mai ƙarfin katafila zai iya kayar da baƙon cikin daƙiƙa shida, amma washegari unguwanni goma ba ruwa, yara suna jifan jarumai da duwatsu. Shi kuma baƙon ka ba shi dalili mai taɓa zuciya: ɗansa ya rasu da amai da gudawa saboda gurɓataccen ruwa, ya rantse ba za a sake ba. Bai san daga ina ruwan yake zuwa ba, daga baya da ya fara zargi sai ya ƙi tambaya. Kada ka rubuta ƙarshen. Ko su shawo kansa, ko su tona shi a bainar jama'a, ko su nemo wata hanyar samar da ruwa, nasu ne.

Ka lura da abin da wannan ya yi wa jarumar ƙanwarka. Ta leƙa zuciyarsa a zama na biyu, ba ta ga ƙarya ba, domin ya gaskata abin da yake faɗa. Masu jagorancin wasa da yawa, idan mai karanta zuciya ta dame su, sai su ba kowane mugu hular da ke toshe baiwarta. Wannan zalunci ne, maki ta kashe ta sayi baiwar. Abin da ya fi shi ne yaran bos kowa ya san ɗan gutsurensa kawai: direba ya san wurin da ya kai kaya, bai san mai kayan ba. Sannan abin da ta gani a zuciyar mutum ba shaida ba ce a gaban alƙali, sai ta nemo takarda ko mai shaida. Kuma duk gaskiyar da kake so su gano, ka ajiye mata alamu uku a wurare daban-daban. Ta farko za su wuce ta, ta biyu za su yi mata fassarar banza, ta uku ce take kama su.

Labari na biyu ya fito ne daga zama shidan da kuka riga kuka yi. Wa ya biya kuɗin gine-ginen da suka rushe? Ka buɗe zama da 'yan kasuwa sun zo da takardar ƙara da lauya: faɗan da aka yi kusa da Kantin Kwari ya ƙone shaguna, atamfa da shadda na miliyoyi sun tafi, bashi ya yi wa mutane katutu. Suna bincike sai su ga duk inda aka yi faɗa, wani kamfani da ba a san mai shi ba yana saye wurin da araha cikin mako biyu. Ashe fashin bankin duk shiri ne, hayar bosawan ake yi su ja jarumai zuwa filin da ake son a rushe. Daɗin wannan shi ne ya mai da tsofaffin zamanku masu gundura suka zama alamu, 'yan wasa su ɗauka tun farko ka tsara. Ba sai ka faɗa musu ba.

Na uku gajere ne, zama huɗu ya ishe shi. Wata ƙwaya ta shigo gari, wanda ya sha zai yi gudun walƙiya na awa ɗaya, bayan nan ya kwanta kwana uku. Samari suna fizgen waya da ita, wani ɗan acaɓa kuma ya sha don ya kai matarsa asibiti tana naƙuda. Daga jinin jaruminku mai gudu ake haɗa ta, wanda ya zuba a wani faɗa.

Akwai wanda zan gargaɗe ka a kai: labarin da jarumai suka wayi gari baiwarsu ta tafi. Yana da daɗin karantawa, a tebur kuwa mutum ya zo ne ya tashi sama, ka ce masa ya hau adaidaita sahu. Zama ɗaya tak, kada ya wuce.

Duk wanda ka zaɓa, sai ka ɗinke shi da rayuwar jaruman. Dokar wasanku ta ce kowane jarumi ya kasance da matsaloli aƙalla biyu a takardarsa, kuma duk ranar da matsalar ta cije shi ka ba shi makin jarumta, wato ladan da zai kashe ya ceci kansa in wasa ya yi tsanani. Ka karɓi takardun nan huɗu ka karanta. Idan wani ya rubuta cewa mahaifinsa bai san shi jarumi ba ne, to dattijon ɗan garuwan nan shi ne mahaifin. Wasan Champions, wanda ya fito a Amurka a 1981, yana da dabarar da za ka iya ara: kafin zama, jagora ya jefa dayis uku masu fuska shida irin na ludo a kan kowane ɗan'uwa ko maƙiyi na jarumi. Idan ka ce sai jimillar dayis ukun ta zama 8 ko ƙasa mutumin zai shigo labari, zai shigo kusan sau ɗaya cikin huɗu. 11 ko ƙasa, sau biyar cikin takwas. Ga mutum huɗu, 8 ya isa. Shigowar kuma ba lallai sacewa ba ce. Uwar da aka sace sau uku ta zama abin dariya. Ɗaurin auren babban wa da ƙarfe biyu, gobara a Sabon Gari da ƙarfe biyu saura kwata, ya fi zafi.

Lokacinku bai kai awa uku ba, don haka faɗa ɗaya a zama, minti 40. Ka ba kowane faɗa wata manufa ban da kayar da mugu: bas cike da fasinja tana lilo a bakin gada, bayan zagayen faɗa biyar ta faɗa. Mai tashi sama da mai gudu kuwa, tunda ko'ina suna isa, ka jefa musu matsala biyu lokaci guda a gefe biyu na gari, ka riƙa yanke labari tsakaninsu duk minti biyar zuwa goma, ka yanke daidai inda aka riƙe numfashi.

Batun kisa ku daidaita shi da baki kafin ku fara. A wasan Marvel Super Heroes na 1984, jarumin da ya kashe rai yana rasa duk makin Karma, wato ladan aikin kirki, da ya tara. Naku wasan bai ɗaure ku haka ba, sai abin da kuka yarda a kai. Idan kuma kana bukatar bos ya tsere don labari ya ci gaba, kada ka murɗe dayis a ɓoye. Ka faɗa a fili cewa ya sulale ta magudanar ruwa, ka miƙa wa kowa makin jarumta ɗaya, dokar ta ba ka wannan dama.

Asabar mai zuwa, ka rubuta mataki na farko da na biyu kawai, da mutum uku masu suna da abin da kowannensu yake so. Na uku ka bari sai ka ji abin da suka ce wa dattijon.